Gwaggo da Hauwa Biyu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a gidanmu da ke ƙauyen Turawa, ƙasar Ƙaraye, da hantsi, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Matar da ke taya ta ɓarar ta ce ta ga dai hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya, ta zaci gyangyaɗi ne. Kafin in baro Kano in iso Ƙaraye har an kai ta makwancinta.

Na tarar da gida ya cika ya batse. Mata sun zo daga Beli, sun zo daga Jajaye, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ba a yi kuka mai yawa ba, domin ta tsufa kuma ta tafi cikin sauƙi. Abin da na lura da shi wani abu ne daban. Mace za ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta," sai ta kalli ƙofar ɗakin Gwaggo, ta ce a hankali, "To yanzu wa za mu riƙa tambaya?" Kusan kowa sai da ta faɗi wannan. Kuma kusan kowane lokaci sai wata ta nuno ni ta ce, "Ai alhamdu lillahi, ga 'yar bokonta nan, ta kwashe komai ta zuba a kwamfuta."

Duk sanda aka faɗi haka sai in kau da kai. Ni kaɗai na san yadda na yi zubin.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma kaf danginmu, daga Ƙaraye har Rogo, a kanta suke. In baƙo ya yi sallama ya ce shi ɗan uwa ne, ba ta tambayar sunansa. Tambayoyinta biyu ne: "Wa ta haife ka? Wa kake bi?" In ya fara da suna sai ta ɗaga hannu ta ce, "Riƙe sunanka tukuna. A gidan nan kaɗai Muhammadu nawa ne?" Da ya faɗi uwarsa da wanda yake bi a haihuwa, shi ke nan, ta gano shi. Za ta gaya masa a damunar da aka haife shi, da wadda ta yanke masa cibi, da irin rashin jin da ya yi yana yaro, ko da kuwa ya zo da furfura.

In tana lissafa 'ya'yan mace, da yatsu take yi, kuma ba ta tsallake kowa. "Sai wanda ya koma," in ji ta, ta lanƙwasa yatsa, ta ci gaba. Ni kaina na ci moriyar wannan hali. Ɗana na biyu kwana uku ya yi a duniya, ko suna ba a yi ba. Mutane suka yi mini ta'aziyya, daga nan ba wanda ya sake ambatonsa, don kada a tayar mini da hankali. Bayan shekaru, a wani biki, wata ta ce 'ya'yana biyu. Gwaggo tana can gefe tana tauna goro ta ce, "Uku." Ba ta ma kalle ni ba. Na shiga ɗaki na yi kukan da na daɗe ina riƙe da shi, kuma kukan daɗi ne.

Babban aikinta shi ne nono. A danginmu auren zumunci ya yi yawa, kuma a da in mace ta kwanta ciwo bayan haihuwa, duk wadda ke da goyo a kusa ita ke ba jaririn nono. To wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan uwansa, ba aure tsakaninsu. Saboda haka kafin a kai goro ko'ina, wurin Gwaggo ake fara zuwa. Ta rufe ido, leɓenta na motsi, sannan ta ce "babu nono" ko "akwai nono." Ta taɓa tsayar da wani aure bayan an riga an sa rana. Uban yarinyar ya shekara biyu ba ya gaishe ta. Ko a jikinta. Ta ce, "Gara ya ƙi gaishe ni da ya aurar da 'yarsa ga yayanta."

Ni kuma aikina a Kano shi ne gina rumbun bayanai a kwamfuta. Shekara uku da suka wuce, bayan kaka, na ɗauki hutu na zo gida da niyyar kwashe abin da ke kan Gwaggo kafin ta tafi da shi. Ina ji da kaina sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba. Irin rumbun da na zaɓa ya dace da dangi. Kowane mutum ɗigo ne, a jikinsa ana rubuta bayanansa. Tsakanin ɗigo da ɗigo kuma akwai zare mai faɗin abin da ya haɗa su: wannan ta haifi wannan, wannan ya auri wannan, wannan ta shayar da wannan. Da na nuna wa Gwaggo ta ce, "Saƙar gizo ke nan kika je birni kika koyo?" Amma ta matso ta zuba ido.

A irin wannan aiki akwai abin da muke kira makulli. Dole ka gaya wa na'ura bayanan da in an haɗa su, mutum ɗaya tak suke nunawa, don kada ta ɗauki mutum ɗaya a matsayin biyu ko biyu a matsayin ɗaya. Da ka kafa mata ƙa'idar, ba za ta sake karɓar ɗigo biyu masu makulli iri ɗaya ba. Ni na zaɓi suna, da sunan uba, da gari. Haka ake yi a takardun makaranta da na asibiti, haka na saba. Duk "wa yake bi" da Gwaggo ke jerowa na ɗauke shi surutun tsofaffi, ban ma yi masa gurbi ba.

Muka yi kwanaki lafiya lau, tana faɗa ina bugawa, wayata tana gefe tana naɗar muryarta. Sai muka zo gidan Baffa, ƙanin mahaifinmu da ke noma a Beli. Ta ce Hauwa, na buga. Ta yi bayani mai tsawo, ina jin rabi ina barin rabi. Sai ta sake cewa Hauwa. Na buga, na'ura ta ƙi, ta fito mini da jan rubutu cewa akwai mai wannan makulli.

Na ce, "Gwaggo, kin maimaita."

Ta ce, "Ban maimaita ba. Biyu ne. Ta fari ta koma tana jaririya, aka mayar wa mai bin ta da sunan."

Na ce, "To akwatin ba ya karɓar biyu."

Ta ajiye tsintsiyar da take gyarawa ta dube ni. Ta ce, "Akwatin ne ba shi da hankali ko mai akwatin? Ki gyara akwatinki, kada ki gyara mini mutane."

Raina ya ɓaci, domin a wurin aiki ba a yi mini magana haka. Gyaran makulli kuma yana nufin in koma farko, in bi duk wanda na riga na shigar. Na faɗi wata magana da zan zo kanta a gaba. Ta tashi ta shige ɗaki, yini guda ba ta kula ni ba. Washegari na ce mata na gyara. Ƙarya nake yi. Abin da na yi shi ne na umarci na'ura cewa duk bayanin da ya zo da sunan da ke ciki, ta ɗora shi a kan ɗigon da ke nan. Jan rubutu ya ɓace. Hauwa biyu suka zama ɗaya, ni kuma na ji sakayau. Gwaggo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To madalla," muka ci gaba.

Ranar addu'ar bakwai abin ya tashi. Bayan an watse, Baffa ya shigo tsakar gida, shi ne babba yanzu, ya ce akwai maganar da mutuwa ta katse. Ƙanena, mai bi na, yana son Hauwar Baffa, ita ma tana son sa. Sun daɗe suna ɓoyewa don kunya. A makon da Gwaggo ta rasu ya buɗe wa Baffa cikinsa, suka yi shawarar ranar Juma'a su zo wurinta. Ta rasu Laraba.

Mata suka fara murna a hankali, irin ta gidan makoki. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta gyara murya ta ce, "Alhaji, a bi a sannu. Ni na tuna an taɓa kawo jaririya daga Beli a cikin zani, uwar ba lafiya, matar gidan nan ta ba ta nono."

Baffa ya ce, "Wacce daga cikin 'ya'yan nawa?"

Ta ce, "Wallahi ban riƙe ba. Na dai san mace ce."

Baffa ya ce shi duk rani a kudu yake yin sa a waɗancan shekarun, kuma wannan magana ce ta mata. Mahaifiyarmu ta rasu. Matar Baffa ta rasu. Mahaifinmu ya rasu. Lissafin shekaru ma bai raba gardama ba, domin lokacin haihuwar Hauwa ta fari mahaifiyarmu tana goyon ƙanwarmu, lokacin ta biyu tana goyon autanmu. Aka aika wurin liman, ya ce hukuncin a fili yake: in wadda ta rasu ce ta sha, ba abin da ya shafi mai rai, aure ya halatta. In mai rai ce, to ƙanwarsa ce, ba aure har abada.

Duk ido ya dawo kaina. Baffa ya ce, "Ke, ɗauko na'urar."

Na ɗauko. Na riga na san abin da zan gani, amma ina ta addu'a kada in gan shi. Ɗigo ɗaya, Hauwa, 'yar Baffa, Beli. Daga ɗigon mahaifiyarmu zare ya taso ya sauka a kanta: ta shayar da ita. Ƙanena yana tsaye a bayana, ya iya karatu, na ji numfashinsa ya canza.

Na ce, "Kada kowa ya yarda da wannan." Sai na faɗa musu abin da na yi, a gaban matan da suka yi mako suna yabona. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini haka ba. Zaren gaskiya ne, amma ban san a kan wacce ya kamata ya sauka ba. Na matse ƙwaƙwalwata in tuno abin da Gwaggo ta ce ranar, babu abin da ya zo sai ɓacin ran da na yi.

Da la'asar ƙanena ya same ni a bayan rumbu. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, ke da kanki kin ce kuskure ne. Layi ɗaya ne fa. Ki goge, ki ce kin duba kin gano."

Wallahi sai da na yi tunanin yin haka. Danna maɓalli ɗaya ne, kuma duk danginmu ba wanda zai iya kama ni. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da, in mutum yana son murɗe gaskiya sai ya fuskanci idon Gwaggo. Yanzu ba abin da ke tsakanin danginmu da ɓarna sai yatsana, kuma yatsan nan ya taɓa yin ƙarya don kawai gajiya. Na hango su da 'ya'ya huɗu ko biyar, sannan wata tsohuwa ta tuno. Na hango kuma na raba mutum biyu da Allah bai raba ba, saboda lalacin yini ɗaya. Na ce masa, "Ba zan goge ba. Akwai muryarta a tsohuwar wayata. Ka ba ni kwana biyu."

Wayar tana Kano a cikin durowa, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi. Na kai wa mai gyara a kasuwa na tsaya a kansa kamar mai jinya. Ya ce in je in dawo, na ce ba inda za ni. Da allon ya kawo haske sai da na dafa teburinsa. Muryoyin suna nan, kowanne da ranarsa. Na ga na ranar gidan Baffa, na kai yatsa, sai na fasa. Ban yarda da kaina in saurara ni kaɗai ba. In abin da ke ciki ya zo ba yadda muke so ba, ban san me zan yi ba, kuma ba na son in sani.

Washegari da hantsi muka zauna a tsakar gidan Baffa a Beli. Baffa a kujera, ƙanena a ƙasa, Hauwa a bakin ƙofar ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ajiye wayar a kan tabarma na kunna. Aka fara jin kaji, da sautin daka daga maƙwabta, sai tarin Gwaggo. Baffa ya sunkuyar da kai.

"Sai Hauwa," in ji muryar, "mai bin ɗan farinsu. Ita ce aka kawo nan a zani, uwarta nono ya kumbura ga zazzaɓi. Uwarki ta ba ta nono kwana tara, ita da ƙanwarki. Wata biyu ta yi ta koma, a bayana ta cika, ina goye da ita. Sai Hauwa mai bin Hauwa. Wannan nonon uwarta kaɗai ta sha har yaye, ba wadda ta taɓa ɗora ta a ƙirji."

Ƙanena ya kifa goshinsa a ƙasa. Na miƙa hannu zan kashe, Baffa ya ce, "Bar shi." Sai ga gardamarmu ta fito, da maganar akwati, sannan muryata, tsaf, da isa da gadara: "Gwaggo, wadda ta mutu tana jaririya ai ba sai an sa ta ba. Ba ta yi aure ba, ba ta bar kowa ba. Me za a yi da ita?"

Sannan Gwaggo ta ce, "Ke ce kike faɗar haka? Ke?"

A ranar ban gane abin da take nufi ba, ina cikin fushi. A tsakar gidan Baffa na gane, na tuna ɗana mai kwana uku.

Hauwa ta yaye mayafi tana hawaye ta ce, "Baba, ashe ina da yaya mai sunana?" Ba wanda ya taɓa gaya mata. Baffa ya ce, "Na dawo daga kudu na tarar an binne ta. Ban taɓa ganin fuskarta ba." An sa ranar auren bayan sallah.

Na koma Kano na rushe makullin. Na kafa na Gwaggo: uwar da ta haifi mutum, da wanda yake bi. Na ƙara da cewa daga 'ya'yan kakanmu zuwa ƙasa, ba a yarda a bar ɗaya daga cikin guraben nan biyu babu komai ba. Na bi muryoyin nan tun daga na farko, wannan karon ban tsallake kalma ba. Hauwa ta fari ta sami ɗigonta, zaren nono ya koma kanta. Na tarar ba ita kaɗai na haɗiye ba, akwai wasu jarirai da na narkar a cikin ƙannensu. Ɗana ma ashe ba ya ciki, domin tsohon makullin yana neman suna, shi kuma bai kai suna ba. Na shigar da shi da hannuna: uwarsa ni, yana bin yayarsa.

Na'ura ba ta karɓar sabuwar ƙa'ida sai ta bi kowane ɗigo ta tabbatar ba wanda ya saɓa mata. Da na gama na ba ta umarni, sai ga jan rubutu. Mutum ɗaya ba a san wa yake bi ba. Na duba. Gwaggo ce.

Ta jero na kowa, ba ta faɗi nata ba, ni kuma ban tambaya ba. Uwarta 'yar Jajaye ce, matar kakanmu ta farko, ta rasu tun kafin a auro wadda ta haifi mahaifinmu da Baffa. Na kira Baffa, ya ce shi ya buɗe ido ya gan ta babba, amma ya taɓa jin ta ce ba ita ce fari ba. Ke nan akwai wani, ko wata, da ya koma kafin ita, wanda ita kaɗai take lanƙwasa masa yatsa. Zan iya rubuta "'yar fari," na'ura ta karɓa, jan rubutu ya ɓace. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta. Na bar gurbin a buɗe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya haɗa ta da duk waɗanda ta ƙi bari a manta da su. Ya yafe mini ƙaryar da na yi mata, wadda na tabbata ta gane.

Makon jiya na je Jajaye. Aka nuna mini tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwar su mahaifiyar Gwaggo, ba ta gani sosai, ba ta fita, labari ma ba ya isa gare ta. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi uwata da wanda nake bi, sannan na yi tambayata. Ta yi ta tunani tana murza carbi. Can ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, kin yi wahalar banza. Ki koma Turawa ki tambayi Gwaggonku. Ita ce ta san waɗannan abubuwa."